Na je neman dodon teku, na same shi bai wuce tafin hannuna ba

Gaskiya hoto ne ya ja ni. Na daɗe ina ganinsa yana yawo a intanet, wani baƙin kifi baki a wangale, haƙora zaƙo-zaƙo kaman allurai, ga wani zare na lilo a haɓarsa da ɗan haske a ƙarshe. Turawa sun ba shi sunan diragon, macijin nan na tatsuniya mai feso wuta, ni kuma tun ranar da na fara ganinsa nake ce masa kifin dodo. A raina na ɗauka abu ne da zai iya haɗiye mutum. To da na ji wata tawagar bincike ta jami'a na neman ƙarin hannu a aikin dare na kwana biyar a kan teku, ban tsaya dogon tunani ba na ce a sa sunana, ko da aikin nawa bai wuce wanke bokiti da rubuta lamba a jikin kwalabe ba, kuma hakan ne ma ya kasance.

Daga Moss Landing muka tashi, wata ƙaramar tashar jiragen ruwa a gaɓar Kalifoniya ta Amurka. Abun da ya sa masu bincike ke son wurin shi ne a bakin tashar ne wani ƙaton kwazazzabo na ƙarƙashin ruwa yake farawa, kwazazzabon Monterey, don haka ba sai an yi kwanaki ana tafiya ba, 'yan awoyi kawai sai ka tsinci kanka a kan ruwan da zurfinsa ya haura mita 1,000. Ranar farko dai ba ni da labari. Jiri da amai ne suka kwantar da ni, na rungume bokitin da aka ce in wanke, ina jin mutane na ta kai da kawo a saman jirgi ni ko ina tambayar kaina wa ya aike ni.

Da yammacin rana ta biyu ƙafafuna suka ɗan saba, shugabar tawagar, wadda ni Malama nake ce mata, ta kira ni ɗakin matuƙi ta nuna mini allon na'urar da ke auna zurfi da sauti. Akwai wani layi mai kauri a tsakiyar ruwan, kaman ƙasa amma ba ƙasa ba. Ta ce in zuba masa ido. Rana na faɗuwa sai ga layin nan yana hawowa a hankali. Wai duk wannan halittu ne, ƙananan kifaye da jatan lande da danginsu, da rana suna ɓuya a zurfi don kar a gan su, dare na yi su hau sama kiwo, kafin asuba su koma, kullum, a kusan duk tekunan duniya. A lokacin yaƙin duniya na biyu ne masu aikin wannan na'ura suka fara cin karo da shi har suka riƙa ɗaukarsa ƙasan teku ce ta bogi. Inda garke yake kuwa dole a samu mai bin garke, kuma shi muka zo nema. Dangin kifin dodon sunansa Stomiidae a littafi, jinsi kusan 300 ne a ciki, wasu na bin garken nan sama da daddare wasu kuma suna zamansu a ƙasa suna jira.

Yadda ake kamun ba wani abin burgewa ba ne, jira ne zalla. A saki taru da igiyar ƙarfe ya nutse zuwa mita 700 ko 800, jirgi na tafiya kaman bai so, a yi awoyi, sannan inji ya fara naɗo igiyar. Dabarar tana ƙarshen tarun ne, akwai wani tulun roba mai kauri da ke rufe kansa tun a can ƙasa ya riƙe ruwan sanyin a ciki, saboda ruwan wurin digiri 4 ko 5 ne kawai, in aka jawo su tsirara ta cikin ruwan sama mai ɗumi sai su iso a mace. Ni da na zata matsin ruwa ne ke fasa su, tunda kowace mita 10 ana ƙara nauyin iskar duniya guda, a mita 1,000 ka ga ya kai ninki 100, amma wani dattijo da ke kula da injin ya ce mini yaro, kifin da ba shi da jakar iska a ciki me zai fashe a jikinsa, zafi da gogar taru su ne ke gamawa da su.

Tulu na farko da aka juye a tire, ban ga dodo ba. Kifayen fitila ne birjik, ƙanana masu ɗige-ɗigen haske a fatar ciki, da wasu abubuwa masu santsi kaman majina, da jatan lande jajawur. Na ce Malama wannan ja haka ai an yi tallan kai, ta yi dariya ta ce a can ƙasa ja shi ne baƙi. Ruwa yana shanye jan haske tun a mitocin farko, shuɗi ne ke jurewa ya kai nesa, shi ya sa kusan duk mai yin haske a can shuɗi yake yi, kusan duk ido a can shuɗi yake gani, abu ja kuwa ba hasken da zai dawo da shi. Ta ce in riƙe wannan maganar za ta yi mini amfani. Kuma ba 'yan kaɗan ne ke yin hasken ba fa, wani bincike na MBARI, cibiyar binciken teku da ke nan Moss Landing ɗin, wanda ya fito a 2017, ya nuna kusan kashi 76 cikin 100 na halittun da kyamarorinsu suka ɗauka a cikin ruwan suna iya samar da haske.

Wajen ƙarfe uku na daren ne aka ɗago tulu na biyu, wata ɗaliba ta sa hannu ta ce ga naka. Na leƙa ban ga komai ba sai wani baƙin layi kaman igiyar takalmi. Wallahi sai da ta ɗaga shi a cikin kwanon gilashi sannan na gane kifi ne. Idiacanthus antrostomus, mace, tsawonta bai kai kamu ɗaya ba, kaurinta kaman yatsa. Ga gemun, ga haƙoran, ga layin ɗige-ɗige a ciki, komai na hoton yana nan, girman ne kawai babu. Na ji haushi na ɗan lokaci, ba zan ɓoye ba.

Haushin ya tafi ne da na ciro waya zan ɗauka. Na ɗauka ya fi sau ashirin, da fitila da babu fitila, duk abun da ke fitowa shi ne wani rami baƙi mai siffar kifi, ido da haƙori kawai ke nunawa. Ashe ba laifin wayar ba ne. Irin wannan ne ya faru da masaniya Karen Osborn ta cibiyar bincike ta Smithsonian a Amurka har ya kai su ga binciken da suka fitar a 2020, inda suka samu jinsi 16 na kifin zurfi da fatarsu ke dawo da ƙasa da rabin kashi 1 cikin 100 na hasken da ya faɗa mata, wannan na hannunmu yana cikinsu. Ƙwayoyin baƙin launin fatar an cusa su ne dam a wani siririn shimfiɗi, siffarsu da girmansu na sa hasken da ya shiga ya yi ta karo gefe da gefe har ya ƙare a ciki. Ka duba fa, wuri ne da ba dutse ba ciyawa ba rami, ba inda za ka laɓe, kowa kuma na yawo da tocila, kai ma kana rataye da fitila a gemu don yaudarar abinci, in jikinka ya ɗan ƙyalla a hasken fitilar taka ai ka tona wa kanka asiri. Ɗige-ɗigen cikin kuma wani aikin suke, suna ba da ɗan haske daidai da wanda ke saukowa daga sama, mai kallo daga ƙasa ba zai ga inuwa ba. Har tumbin baƙi ne, don in ta haɗiye kifin fitila kar ya ci gaba da haskawa a cikinta.

Na tambayi ina namijin, sai aka nuna mini wani abu a kwalba da aka kama a wata tafiyar, ɗan ƙarami mai ruwan ƙasa, santimita 5 ko ɗan fi. Ba haƙori, ba gemu, hanjin ma bai aiki. Ba ya cin abinci sam bayan ya balaga, da guzurin ƙuruciya yake rayuwa har ya samu mace ya gama aikinsa. Na daɗe ina kallon bawan Allah nan. 'Ya'yan kuma sun fi iyayen ban mamaki, farare ne garau, idanunsu a kan wasu dogayen sanduna da kan kai kusan kashi ɗaya cikin uku na tsawon jiki, suna girma sandunan na janyewa har ido ya zauna a kai. Bambancin ya kai da farko an ba su sunan wani jinsi daban, sai masanin halittu William Beebe ne a shekarun 1930 ya nuna 'ya'yan wannan kifin ne.

Shi Beebe ɗin ne ya ɗan sanyaya mini rai game da zaton da na zo da shi. Shi ne wanda suka shiga wata ƙwallon ƙarfe da Otis Barton aka zura su da igiya a kusa da tsibirin Bamuda, a 1934 suka kai mita 923. A wata nutsewa ta 1932 ya ce ya ga kifin dodo guda biyu ta tagar ƙwallon, kowanne kusan mita 2, har suna ya ba su. Har yau ba wanda ya kama irinsu. Kenan ba ni kaɗai ba ne ido ya so ya ga ƙato.

Dare na uku ruwa ya tashi, sau ɗaya aka saki taru, muka samu Chauliodus, wani ɗan dangin mai fiƙoƙin da suka fi ƙarfin bakin har suna tsayawa a waje gaban ido. A kansa Malama ta nuna mini wani abu, ta sa ɗan ƙarfe ta ɗaga kan sai ya lanƙwashe baya kaman murfin akwati. A da yawa daga cikin dangin akwai gurbi tsakanin ƙeya da ƙashin baya na farko, babu ƙashi sai wani jijiya mai laushi, a wasunsu ma ya zama gaɓa sosai da ke barin baki ya buɗe har digiri 120, kaman yadda Nalani Schnell da David Johnson suka bayyana a 2017. Ni a ganina duk wannan ba mugunta ba ce, yunwa ce. Wanda bai san ranar da abinci zai sake giftawa ba bai da damar cewa wannan ya yi mini girma.

A daren ƙarshe ne wanda kowa ke fata ya fito, Aristostomias scintillans, santimita 15 ko ƙasa da haka, kuma da sauran motsi a jikinsa. An sa shi a ƙarƙashin madubin ƙara girma aka ce in duba bakin. Haƙoran kaman gilashi, a cikin ruwa sai su ɓace. Masu bincike a jami'ar Kalifoniya ta San Diyego sun yi aiki a kansu a 2019, suka ga ƙwayoyin ma'adinin da suka gina haƙorin ƙanana ne ƙwarai, wajen nanomita 20 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), kuma babu 'yan ramukan nan da ke cikin haƙorinmu, don haka haske na ratsawa bai warwatse ba. Baki a buɗe cikin duhu, ba abun da ke ƙyalli.

Amma ba haƙorin ne ya tara mu ba. A ƙasan idonsa akwai wani ɗan tabo, fitila ce mai ba da jan haske. Nan maganar jatan lande ta dawo mini. Rukuni uku ne a dangin ke da wannan, Aristostomias da Pachystomias da Malacosteus, suna yin ja kuma suna ganin ja, a wurin da kusan kowa makaho ne ga ja. Wato jatan landen nan da ya sa jan kaya yana ganin ya ɓuya, shi wannan yana haska shi tas da tocilar da shi jatan landen bai san an kunna ba. Malacosteus niger ya ma fi wuce gona da iri, tsawon zangon haskensa, wato ma'aunin launinsa, na kai wa wajen nanomita 705, can bakin iyakar abun da idon mutum ke kamawa, kuma a 1998 Ron Douglas da abokan aikinsa suka gano a cikin idonsa akwai wani sinadari dangin kilorofil, koren nan na ganye, da ke taimaka masa ganin jan. Kifin da ke zaune a inda ganye bai taɓa tsirowa ba. Masana na ganin ta hanyar ƙananan ƙwarin ruwan da yake ci yake samunsa, don duk da bakin nasa da ba shi da ko fatar ƙasa, muƙamuƙi ne kawai a sake kaman tarko, yawancin abun da ake samu a cikinsa waɗannan 'yan ƙwarin ne.

Muka ɗauki kwanon muka shige wani ɗan ɗaki mai sanyi, mu huɗu a matse, aka kashe wuta aka toshe ƙasan ƙofa da tawul. Malama ta ce kowa ya yi shiru ya bar ido ya saba. Jirgi na ta rangaji, ni ina riƙe da gefen tebur da hannu ɗaya. Bayan kaman minti goma ta ɗan taɓa shi da tsinken gilashi, sai wani shuɗin haske ya yi wal a gefen kan, sau biyu, ɗalibar nan ta ja numfashi. Muka ci gaba da tsayuwa muna jiran jan. Na ƙura ido har hawaye suka fara zuwa, wani lokaci in ji kaman na ga wani abu ja-ja sai in gane idona ne ke mini wasa. Muka ƙara minti ashirin. Da aka kunna wuta ya daina motsi.

Malama ta miƙo mini kwalba da fensir, ta karanto zurfi da lokaci, na rubuta, ƙarfe huɗu da minti goma na asuba, taru na tara. Sannan na koma kan bokitaina, injin na ta naɗo igiyar ƙarshe.