Maganin Hajiya kafin buhun shinkafa

Ƙannena, musamman ku da kuka fara ɗaukar nauyin gida, ku fara tanadi da maganin wanda ke shan magani kullum. A watan Maris na 2020, da gwamnatin Kaduna ta sa dokar hana fita saboda korona, aka rufe Kasuwar Gumi, ni ma na ruga na sayo shinkafa da manja da wake kamar kowa. Ban leƙa ledar maganin hawan jinin Hajiya ba. Sati bai cika ba ya ƙare, kemis ɗin unguwarmu ba shi da irinsa, zuwa cikin gari kuma sai an ratsa shingayen jami'an tsaro. Ina ganinta ta ɗaure kai da ɗankwali tana cewa ba komai, alhali idonta ya yi ja. Hawan jini da ciwon sukari ba sa jiran a buɗe hanya, shi ya sa yanzu ba na bari na wata guda ya yanke a gidan. Sunan maganin da ƙarfinsa na rubuta a takarda, na manna a bayan ƙofar ɗakinta.

Abinci kuwa a bi shi a hankali, mudu ɗaya yau, kwano ɗaya gobe, a zuba a bokiti mai murfi. Zazzaɓin Lassa daga fitsari da kashin ɓera yake shiga abinci, kuma garin da aka bari a buɗe ya fi jan ɓeraye.

Abin da na fi so ku riƙe shi ne ruwan gishiri da sukari. Da damina, idan Kogin Kaduna ya cika ya shiga gidaje, rijiyoyi kan gurɓace, amai da gudawa su biyo baya, yaro kuma kan bushe cikin 'yan awoyi. Ku ajiye ORS, wato haɗin gishiri da sukari na leda, da ƙwayar zinc, ku riƙa duba ranar lalacewarsu, kada ku jefa su inda rana ke dukansu. In babu, ku haɗa: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, wato ledar fiya wata biyu, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Kada a ƙara gishirin don ana gaggawa, yawansa na cutarwa. A riƙa ba yaron kaɗan-kaɗan ana kan hanyar asibiti, abin da ya kai awa 24 a zubar a haɗa sabo.

Sai sabulu, tocila, jarkar ruwa mai murfi, da 'yan kuɗi a hannu, domin ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya nuna mana katin banki ba ya sayen magani idan na'ura ta ƙi. Lambar NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, 6232 ce, kira kyauta ne, ku sa ta a wayar kowa a gidan har ta Hajiya.