Lahadi, wata huɗu bayan na zama Kirista

Yau ma kiran sallar asuba ne ya tashe ni, kuma kafin hankalina ya gama dawowa jikina na tarar hannuna ya riga ya kai kan buta. Wata huɗu ke nan da na ba da gaskiya ga Yesu Almasihu, amma jiki bai san wannan lissafi ba, abin da ya saba da shi shekara ashirin da bakwai shi yake nema. Na zauna a bakin katifa, sanyin hunturu yana shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, ina jin ladanan Sakkwato suna karɓar juna daga wannan unguwa zuwa waccan. A makonnin farko wannan lokaci yakan jefa ni cikin damuwa, domin ina ganin kamar bangaskiyata ce ba ta zauna ba. Da na kai kukana wurin dattijon da yake koyar da mu a ajin masu neman baftisma, wato wankan shiga Kiristanci, sai ya buɗe mini Markus 1:35 a cikin Littafi Mai Tsarki, inda aka nuna Yesu ya fita tun da sauran duhu ya tafi wurin da ba kowa domin ya yi addu'a, ya ce mini, "Ɗana, tashin asuba ba abin yarwa ba ne, riƙe shi." Saboda haka na wanke fuska da ruwan butar, na haska fitilar waya, na karanta Zabura ta 27.

A garinmu Lahadi ranar nema ce kamar kowace rana, kuma shagon ɗinkin da nake aiki ba ya rufewa. Maigidana ya san halin da nake ciki. Abin da ya ce kawai shi ne wannan tsakanina da Allah ne, amma kada aikin mutane ya kwana saboda ni, don haka jiya sai da na kai sha ɗayan dare a kan keke kafin na gama ɗinkin da aka yi alkawarinsa yau.

Ɗan kabu-kabu ya sauke ni nesa kaɗan da coci, na ƙarasa da ƙafa. Har yanzu duk lokacin da na isa ƙofar sai ƙafata ta nemi zare takalmi, kuma in na shiga da shi nakan ji nauyi a zuciyata, kamar na yi wa wurin rashin ladabi. Yau na cire, na tura shi ƙarƙashin benci, ba wanda ya ce mini uffan. Waƙa ita ce ta fi ba ni wuya. Na tashi a gidan da ba a haɗa ibada da kiɗa, ga shi kuma 'yan zumuntar mata suna kaɗa tulu da caki, jama'a na tafi, ni kuwa murya ta maƙale mini a maƙogwaro. Sai a baiti na uku na ji bakina ya fara bi a hankali.

Abin da ya riƙe ni a wannan ikilisiya shi ne harshe. Yawancin 'yan'uwa mutanen Zuru ne da Kudancin Kaduna da Filato waɗanda aiki ko kasuwanci ya kawo, Hausarsu ta bambanta da Sakkwatancina, amma da ita ake wa'azi, da ita ake addu'a. Da can ina ɗauka Kiristanci addinin Turanci ne, sai daga baya na san cewa tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, wato tun mahaifina bai zo duniya ba. Kalmomin da na girma da su, irin su tuba da gafara da alheri da jinƙai, duk na same su a ciki, sai dai yanzu ina sake koyon nauyinsu.

Bayan an tashi daga ibadar coci wani ɗan'uwa ya tambaye ni sunan da zan ɗauka ranar baftisma. Na san da kyakkyawar niyya ya yi tambayar, amma ta taɓa ni. Sunana Baba ne ya raɗa mini, ya yanka rago ran bakwai, kuma sunan annabi ne da yake cikin littafin da nake karantawa kowace asuba. Fasto ya tabbatar mini ba dole ba ne a sauya, ni kuwa na yanke shawara ba zan sauya ba.

Bayan la'asar na tafi gida, lokacin da na san Baba yana majalisarsu, domin tun da na faɗa masa gaskiya bai sake yi mini magana ba. Na yi sallama daga zaure. Inna tana zaune a kan tabarma tana dama fura, kuma kasancewata ɗan fari ba ta taɓa kiran sunana ba, yau ma cewa ta yi, "Kai, wanga yaro, ka rame." Na durƙusa na gaishe ta. Ta daɗe tana juya ludayi a cikin ƙwarya kafin ta tambaye ni ko can inda nake zuwa ana hana mutum kula da iyayensa. Na ce mata a'a, Inna, girmama uwa da uba yana cikin Dokoki Goma, kuma ana karanta mana shi. Ba ta amsa ba, ta miƙo mini ƙwaryar. Bisimilla ta zo bakina kamar kullum, na tsaya, na sunkuyar da kai na gode wa Allah a zuciyata, ita kuwa tana kallon leɓunana har na ɗago. Na shanye furar duka, na sa mata kuɗin cefane a ƙarƙashin gefen tabarma kamar yadda na saba tun da na fara samu.

Ina fitowa muka yi kiciɓis da Baba a zaure, ya dawo da wuri zai yi alwalar magariba. Na durƙusa har ƙasa na ce, "Baba, ina wuni." Bai amsa ba, amma bai wuce nan take ba kamar sauran lokutan, ya ɗan tsaya a kaina, carbinsa yana lilo a hannu, sannan ya shige ciki. Ban san yadda zan fassara wannan tsayuwa ba, kuma ba na son in ɗora mata abin da ba ta ɗauka ba. Na sa shi cikin addu'ata ta dare tare da Inna da ƙannena. Gobe akwai riguna shida na biki da za a karɓa kafin azahar.