Babur ba magani ba ne: abin da na ɗauko daga gidan samarinmu na Tawa

Ƙarshen watan nan na ajiye aiki a gidan da muke riƙon samari masu barin ƙwaya a nan Tawa. Waɗanda muka yi aiki tare sun san gidan, ba sai na tsaya bayanin tashin asuba da shara da zaman bayan la'asar ba. Tun da labari ya fita ake kirana ana tambaya ko lafiya. Lafiya lau. Amma tunda wani za a ɗauka a gurbina, gara in faɗi abin da na gani, ko ya amfane shi.

Abin da ofis ya ƙi ji tun farko shi ne, a yankinmu na Adar tramol, maganin ciwon nan, ƙwayar aiki ce. Yawancin yaran da iyaye ke kawo mana ba don nishaɗi suka fara ba. Wani a lodin albasar Galmi ya koya, inda ake saɓa buhun da ya haura kilo 100 tun hantsi har motar Gana ta cika. Wani a ramin zinariya na Jado, wani a aikin gini a Libiya, wani a turin kura a Abijan. Kun san mu Adarawa da tafiya biɗa. Abokin aikinka ne zai ɓalla maka rabi ya ce jefa a kofi, gajiya ta gudu. Likita mai miligiram 50 ko 100 yake rubutawa, kuma ba a son a wuce 400 a yini. Wadda ake sayarwa a tebur da bisa keke kuwa mai 200 ce, ko 225, har da 250, kuma akwai mai haɗiye kati guda kafin azahar. In ta yi yawa a jiki tana kawo farfaɗiya ko ga wanda bai gaje ta ba.

To, yaron da gajiya ta koya wa ƙwaya, in ka raba shi da ita sannan ka mayar da shi aikin da ke karya baya, an yi gudun gara ke nan an faɗa gidan zago. Na faɗi wannan a taro, na rubuta a rahoto, na maimaita har ana yi mini kallon mai naci.

Daraktanmu daga Yamai aka turo shi. Mutum ne mai karatu, ba zan hana masa wannan ba. Ya zo da takardun wani tsari na Amurka da ake kira Oxford House, wanda aka fara a jihar Merilan a 1975. Na karanta takardun sosai, wataƙila fiye da shi. A can, masu murmurewa su ke haya gidan da kansu, kowa ya kawo kasonsa na kuɗin haya da wuta, babu ma'aikaci ko ɗaya a ciki. Su ke zaɓen shugabanninsu, sabon shiga sai kashi 80 cikin ɗari na mazauna sun yarda da shi, kuma mutum yana zama iya son ransa muddin bai sha ba kuma yana biyan kasonsa. Wanda ya koma sha, a ranar yake fita, kuma abokan zamansa ne ke yanke hukuncin. Daga cikin duk wannan, abu guda Darakta ya tsinta ya liƙa a ƙofar zaure: wanda ya koma sha a kore shi nan take. Zaɓe bai zo ba, ikon yara a kan gidansu bai zo ba, zama ba wa'adi bai zo ba, don mu wata shida ne ka fita ko ka warke ko ba ka warke ba. Korar ce kaɗai ta haye teku.

Sai maganar babura. Masu ba da kuɗi suna son ganin adadin waɗanda aka sama wa aiki, kuma babu abin da ke cika hoto kamar sabbin babura a jere. Aka tsara rabon ranar 26 ga Yuni, ranar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta duniya, da rumfa da kujeru da ƴan jarida. Kowane yaro zai yi kabu-kabu yana zuba kuɗi kullum har ya biya rabin kuɗin babur.

Cikin jerin akwai wani yaro ɗan wajen Keita da nake ji da shi. Ni na kwana da shi makonsa na farko, lokacin da yake zufa yana rawar ɗari cikin zafin Afirilu, ga gudawa, ga hamma da hawaye ba na kuka ba, yana dukan cinyoyinsa da hannu wai ƙasusuwansa ke ciwo. Da ya dawo hayyacinsa sai ga yaro mai hannu. Rediyon mai gadi da ta mutu shi ya kwance ta bisa tabarma, ya jera ƙusoshin cikin murfin kwalba don kada su ɓace, ya tada ta. Har na yi magana da wani mai gyaran salula a bakin kasuwa ya yarda zai ɗauke shi koyo. Kuma kabu-kabu ɗin nan shi ne ainihin aikin da ya fara shan ƙwaya a kansa.

Na sami Darakta a ofis na ce, "Ranka shi daɗe, a cire wannan daga jerin. Tashar da zai tsaya, mai tebur ɗin da ke sayar masa yana nan bai gusa ba."

Bai ɗago daga kwamfutarsa ba ya ce, "Malam, koyon gyaran salula wata nawa ne? A rahoto mi zan rubuta, ɗan koyo? Ana tambayata aiki kana kawo mini koyo. Kai dai ka sa masa ido, ai don haka ake biyanka."

Yadda ake sa wa mai babur ido daga cikin gida, har yau ba a koya mini ba.

Yaron ya yi ƙoƙari, Allah ya sani. Amma kuɗin zubi ba ya jiran ranar da babu fasinja, ga mai ya sha, ga uwa a ƙauye ta ji ɗanta ya samu babur ta fara aike. Ya koma fita tun asuba sai sha ɗayan dare. Na ga idonsa ya sake, na ga ya daina cin tuwon dare, na rubuta wa ofis a sassauta masa zubin. Ba amsa. Ran wata Lahadi farfaɗiya ta kama shi yana bisa babur da fasinja a baya, kan hanyar Ƙonni. Fasinjar ta tsira da ƙujewa, shi ƙafa ta karye biyu.

Yana kwance a asibiti aka sa mai gadi ya ɗaure kayansa a buhu. Doka ce, in ji Darakta. Na ce a bar sauran yaran su faɗi ra'ayinsu, tunda haka masu dokar ke yi. Ya ce nan ba Amurka ba ce. Da za a kore shi Amurka ce, da za a tambayi yara ta zama Tawa. Uwarsa ta zo da ɗan ƙunshin gero a ka, ta durƙusa a zaure tana cewa, "Malam, ina za ni da shi? Ubanai ya ce gidan mari za ya kai shi." Ni aka bar wa ba ta amsa, Darakta yana taro.

Rahoton da ya tafi Yamai na gan shi daga baya, ba a yi niyyar in gani ba. An rubuta cewa yaron ya koma sha saboda sakacin mai kula da gida. Takarduna na gargaɗi babu wadda aka ambata. A jadawalin ƙarshen shekara kuma sunansa yana nan daram cikin waɗanda aka sama wa aiki. Ban yi rigima ba. Na ajiye kwafin kowace takarda da kwanan watanta, suna nan gida cikin akwati.

Sauran abin da zan bar wa mai zuwa ba shi da yawa. Kada ka yarda a yanke wa mai shan da yawa ƙwaya rana ɗaya ba tare da likita ya gan shi ba. Wanda ya fara jin muryoyi ko ya ce zai kashe kansa ya fi ƙarfin gida, a kai shi asibiti, ko da sai an dangana da Pavillon E, sashen masu taɓin hankali na babban asibitin Yamai, tafiyar fiye da kilomita 500. Albashin watannin farko kada ya shiga hannun yaro gaba ɗaya, a raba da uwa ko yaya. Uwa ta fi uba zuwa ziyara, da ita za ka ƙulla. Ka san fadar da yaro ke shan shayi kafin ka san garinsu. Ka gaya wa uban gidan sana'a gaskiyar yaron tun ranar farko, wanda ya karɓe shi a kan sani ba ya korarsa a kan jita-jita. Dokar 1999 kan miyagun ƙwayoyi tana hukunta mai sha shi ma, saboda haka yaro ba zai faɗa maka ya zame ba sai ya tabbata ba komisariya za ka kai shi ba. Mata kuwa har yau ba su da ko ɗaki guda, alhali suna sha, a ɓoye.

Yaran da na kai ɗinki da aski da haɗa sola da kiwon ragunan layya, mafi yawansu suna nan kan sana'arsu. Ba su samun ko jikka 42 ɗin da gwamnati ta yanke mafi ƙarancin albashi tun 2024, amma suna kwana gida da hankalinsu. Ba su taɓa shiga jadawalin ofis ba, don an ce koyo ba aiki ba ne. Ɗan Keita ma yana wurin mai gyaran salular nan yanzu, yana ɗingishi, ni na kai shi da kaina ba da sunan gida ba.

Makullin sito yana hannun mai gadi. Littafin da na rubuta iyayen gidan sana'a da halin kowannensu na bar shi a aljihun tebur na hagu. Akwai sauran babura uku a sito, na ji ana shirin raba su Yuni mai zuwa, an ma riga an kama rumfa.