Badujalarmu a Cikin Hunturu

Jama'a ba su san mu ba sai a watan Yuli da Agusta, lokacin da muke fitowa filin ƙwallo cikin kaki, mabusa a gaba, makaɗa a baya, masu tuta suna zagaye. Wasan minti 10 ne da 'yan kai. Amma tun a Nuwamba ake ɗora tukunyarsa, a zauren motsa jiki na wata makarantar sakandare da muke haya a nan arewacin Amurka, daidai lokacin da dusar ƙanƙara take rufe wurin ajiye motoci, rana kuma ta faɗi tun ƙarfe biyar ba ta yi ba.

Tamu ƙungiyar unguwa ce. Akwai ɗan shekara 15 a cikinmu, akwai mai jikoki. Irin waɗannan ƙungiyoyi na ganga da bigila sun samo asali ne daga tsofaffin sojojin da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Ɗaya, inda rassan ƙungiyarsu ta American Legion da coci-coci suka riƙa tara yaran unguwa suna koya musu busa da fareti. Daga baya abin ya zama gasa. Hukumar shirya gasar badujala ta DCI (Drum Corps International), wadda ta yi gasarta ta farko a 1972, ita ke da manyan ƙungiyoyin matasa, waɗanda ba sa ɗaukar wanda ya wuce shekara 22. Su tantancewa suke yi, mutane su yi tururuwa, a zaɓi kaɗan a sallami saura. Mu kuwa duk wanda ya turo ƙofa, kujera muke miƙa masa kafin mu tambaye shi suna.

Ni babbar ganga nake kaɗawa. Mu biyar ne a layin, kowace ganga da girmanta da muryarta, kuma waƙa ɗaya ake rarraba mana: wannan ya buga biyu, na kusa da shi ya karɓa, har ta sauka kan ta ƙarshe mai kauri. Idan mutum ɗaya bai zo atisaye ba, sai ka ji giɓi a tsakiyar kiɗan kamar bakin da aka cire wa haƙori. Wannan ne ya sa da aka ce wa zai riƙe rajistar sababbin shiga bana, na ɗaga hannu. Na gaji da kaɗa wa giɓi.

Atisayen hunturu ba abin burgewa ba ne. Mabusa sukan shafe lokaci mai tsawo ba su taɓa ƙaho ba, suna tsaye a da'ira suna shaƙar iska a ƙidaya huɗu, su fesar a takwas. Bayan nan sai dogon sauti guda ɗaya, a riƙe shi har malami ya sauke hannu. Ƙahon da ya kwana a bayan mota muryarsa ƙasa take yi, sai an hura masa ɗumi tukuna, kuma za ka ga mutum ya cusa bakin ƙahonsa a aljihu don kada ya ɗora ƙarfe mai sanyi a leɓe. Mu makaɗa ɗakin cin abinci ake kora mu, mu yi ta dukan faifan roba, na'urar ƙidayar bugu tana ƙwal-ƙwal a lasifika har ka koma gida tana yi maka a ka. In an haɗe gaba ɗaya a zaure da yamma, wanda bai toshe kunne ba ya ji a jikinsa.

Sai tafiya. Ana manna tef a daɓe, yadi biyar-biyar kamar layukan filin ƙwallon Amurka, kuma dole taku takwas ya kai ka daga layi zuwa layi, wato kowane taku inci 22 da rabi. Dogo ya rage, gajere ya ƙara. Wata malamar asibiti da ta shigo mana bana ta ce ba ta taɓa sanin tafiya ma sai an koya ba sai ranar.

Batun neman mutane kuwa, ra'ayina ya bambanta da na wasu a kwamitinmu. Su sun fi yarda da talla a Facebook da manna takardu a shagunan kayan kiɗa. Ban ce a daina ba. Amma da na bi rajistar ina tambayar kowa yadda aka yi ya zo, kusan amsa ɗaya ce: wani ne ya ɗauko shi a mota. Ranar buɗe ƙofa zaure cika yake yi, a ci abinci, a ɗauki hoto. Atisaye na biyu, cikin Janairu, bayan hutun ƙarshen shekara, hanya da santsi, shi ne mai faɗin gaskiya. Wanda aka kira a waya ana gobe aka ce masa "ka shirya, zan biyo ta ƙofar gidanka" shi ne yake dawowa. Wanda aka tura wa saƙon bai-ɗaya sai dai a ji labarinsa.

Abin da ke korar mutane tun daga ƙofa ma sananne ne. Wani ya ce ba shi da ƙaho, alhali na ƙungiya ne, aro ake bayarwa. Wani ya ce shi sarewa ko saksofon ya iya a makaranta, kuma badujalar irin tamu ƙahon tagulla kawai take amfani da shi. To sai me? Ya iya karanta waƙa, ya san numfashi, maɓallai uku ne suka rage masa. Tun da DCI ta sassauta doka a 2000, aka daina tilasta bigila mai muryar G, ɗalibin da ya saba da ƙahon makaranta ba ya jin baƙunta sosai. Kuɗin shiga ne kaɗai uzurin da nake ɗauka da nauyi, shi ma muna rage shi da faretin da ake gayyatarmu a ƙarshen Mayu da na 4 ga Yuli.

Masu tuta su ne ciwon kanmu a wannan lokaci. Hunturu kakar gasarsu ce ta cikin zaure, wadda hukumar shirya gasar, WGI, ke kammalawa a Dayton ta jihar Ohayo cikin Afrilu, don haka rabinsu sai bayan nan muke ganinsu. Ban ga laifinsu ba, sai dai mai zana mana tsarin fili ba ya aiki da alkawari. Shi kowane mutum ɗigo ne a takarda, kuma yana son adadi tabbatacce kafin bazara ta shigo. In ya zana wa mutum gurbi sannan mutumin ya ɓace, ramin nan zai yi ta yawo a fili har Agusta, kowa a saman benci yana ganinsa.

Layin manyan ganguna dai ya cika bana, Alhamdu lillahi. Inda muke da saura shi ne babban ƙahon nan da ake ɗorawa a kafaɗa, wanda kowa yake yabon muryarsa amma ba mai son ɗauka. Akwai wani direban motar makaranta da ya gwada shi ranar Asabar, ya sauke yana murza kafaɗa yana dariya. Na karɓi lambarsa, kuma gidansa a kan hanyata yake.