Kafin ka ce "marubucin yana nufin", tambayi kanka wa ke magana

Kuskuren da ya fi cinye mana maki a auna fahimta da nazarin adabi, mu da muka riga ku zama a aji, shi ne ɗaukar duk abin da ke kan takarda a matsayin ra'ayin marubuci. Ƙanina, ƙanwata, ku raba mutum biyu tun daga layin farko: wanda ya riƙe alƙalami, da wanda aka sa wa magana a baki.

Ɗauki Ruwan Bagaja, wanda ya fito daga gasar rubutu ta 1933. Mai ba da labarin sunansa Alhaji Imam, marubucin kuma Abubakar Imam, shi ya sa ɗalibai ke haɗe su. Amma Alhaji tauraro ne da aka ƙirƙira, kuma shi ke ba da labarin rigingimunsa da Malam Zurƙe. Duk abin da ka sani game da Zurƙe daga bakin abokin hamayyarsa ka ji shi. Idan ka manta da wannan, za ka yanke hukunci bayan jin ɓangare ɗaya.

Magana Jari Ce ya fi nuna amfanin duba zubi da tsari. Mai gaggawa yakan ɗauke shi tarin labarai, ya tsinci darasi ɗaya a kowanne ya wuce. To, a littafi na ɗaya me ya sa aku ke ba Musa labari dare bayan dare? Don ya hana shi fita daga gida ne, lokacin da mahaifinsa, Sarki Abdurrahman, ya tafi yaƙi, Waziri kuma yana ƙulla makirci. Ke nan kowane labari aiki biyu yake yi: yana da nasa darasin, kuma dabara ce ta jinkirta yaro har gari ya waye. Wanda bai ga babban labarin da ya rungume ƙananan ba, ba zai gane yadda littafin ke tabbatar da sunansa ba: da magana kaɗai tsuntsu ya tsare ran ɗan sarki. Jigon yana cikin ginin.

A rubutun jarida ko na jarrabawa, karanta sau biyu. Karon farko kada ka taɓa biro. Karo na biyu, rubuta aikin kowane sakin layi a gefensa da kalma biyu ko uku: kawo matsala, ba da misali, ra'ayin wasu, martani. Nan ake yawan faɗawa rami, domin marubuci yakan shimfiɗa ra'ayin da zai rusa a sakin layi guda cur, ɗalibi ya kwafe shi a matsayin amsa. Nemi "amma", "sai dai" da "duk da haka". Yawanci abin da ya biyo bayansu ne matsayinsa.

Sannan ka sa ido kan ƙananan kalmomi. "Ya ce" daban, "ya yi iƙirari" daban. Na biyun yana ɗauke da shakka. "An rushe shaguna" ya ɓoye wanda ya rushe. Tambayi kanka ko rashin sani ne ya sa aka ɓoye, ko kuwa kariya ce.

Idan aka tambaye ka manufa, kada ka ba da batu. "Shaye-shaye" batu ne. Manufa sai da aikatau da kuma wanda aka nufa: gargaɗin iyaye kan sakaci, ko neman hukuma ta hana sayar da maganin tari barkatai. In ka rubuta amsarka, koma cikin rubutun ka nemo jimla biyu da ke goyon bayanta. In ba ka samu ba, ra'ayinka ne ka rubuta, sai ka sake karatu.