Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Reza Ɗaya, Kai Arba'in

A makon jiya na tsaya a inda aka mayar da ni ɗakin masu jiran shari'a. A nan na zama wanzamin ɗaki, domin kafin ƙaddara ta faɗa mini aski nake yi a bakin kasuwa.

Reza ɗaya gare mu. Ran Juma'a da hantsi sai a jeru, in yi wa wannan ƙwal-kwabo, in goge rezar a wandona, na gaba ya miƙo kai. In ta dakushe in wasa ta a siminti. Wanda na yanka ya dangwali yawu ya shafa, shi ke nan. Ladana rabin gabza, wato tuwon gidan yari, ko gutsuren sabulu. Wallahi taimako na ɗauka nake yi.

A 2019, shekarar da aka sauya wa gidajen yari suna zuwa gidajen gyaran hali, wata ma'aikaciyar jinya ta tara mu a tsakar gida kan cutar ƙanjamau. Ta ce sauro ba ya ɗauko ta, cin abinci a kwano ɗaya ma ba ya kawo ta. Hanyarta jini ne da saduwa, sai kuma daga uwa zuwa jariri. Ta ambaci allurar da masu shaye-shaye ke karɓa-karɓa da ita, sannan ta ɗaga reza sama, ta ce ciwon hanta ya ma fi ƙanjamau saurin bin ta.

Gabana ya faɗi. Na ce, "Hajiya, ni ne mai askin ɗakinmu."

Ta dube ni, ta ce, "To ɗana, daga yau kowa da tasa."

Haka muka yi. Duk wanda 'yan uwansa suka zo ziyara, kuɗin reza yake fara roƙa. Mukan karya ta biyu, kowa ya naɗe rabinsa a takarda. Wanda ba shi da ita ya haƙura da sumarsa. Na sha zagi a kan haka, har da mari.

Akwai abin da ya fi reza ciwo, wanda kowa ya sani amma ba mai faɗa: samarin da ba a zuwa ganinsu, yunwa da neman wurin kwana kan jefa su hannun manyan ɗaki in dare ya yi. Wani dattijo da ke kwana kusa da ni ya fara jawo irinsu gefensa, muna raba musu garin kwakinmu. Daga baya na gane shi kansa maganin ƙanjamau yake sha kullum a ɓoye, ya juya fuska bango, don kada a ƙi haɗa kwano da shi.

Shi ya ce mini, "Yaro, kai ma ka sha yanke yatsa. Je a gwada ka. Maganin kyauta ne, ga ni ina sha."

Ran Litinin na bi gandiroba zuwa ɗakin magani. Aka soki yatsana, aka ce in jira minti 20. Na zauna a benci ina ta salati.

Mu haɗu mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.