Ƙamshin mamey a cikin turare

Idan aka ga sunan mamey, wani ɗan itace na nahiyar Amurka, a jerin ƙamshin da kamfanin turare ya rubuta a jikin kwali, abin da zai fara zuwa zuciya shi ne an matse ɗan itacen an zuba ruwansa a kwalba, alhali kuwa ba haka sana'ar take ba. In ban da dangin lemu, waɗanda ake tatsar mai daga ɓawonsu, yawancin 'ya'yan itatuwa ba sa ba da man ƙamshi da za a iya dogaro da shi, saboda ruwa ya yi musu yawa, sinadaran ƙamshin da ke cikinsu kuma ƙalilan ne, ga shi zafin wuta yana lalata su. Saboda haka mai haɗa turare gina ƙamshin yake yi daga wasu sinadarai, har hanci ya yarda cewa mamey yake shaƙa.

Kafin ya fara ginin, sai ya yanke shawarar wanda yake nufi, domin itatuwa biyu ne ke amsa wannan suna. Na farko shi ne Pouteria sapota, ɗan asalin kudancin Meziko da Amurka ta Tsakiya, wanda yake dangi ɗaya da kaɗanya. Ɓawonsa ruwan ƙasa ne mai kaushi, tsokarsa ja ce mai sirkin ruwan goro, mai laushi da maiƙo a baki, kuma waɗanda suka saba da shi kan kwatanta ɗanɗanonsa da dankali mai zaƙi da kabewa da zuma. Na biyu shi ne Mammea americana na tsibiran Karibiyan, wanda ƙamshinsa ya fi karkata ga afirikot (wani ɗan itace mai zaƙi mai launin ruwan goro), kuma da furensa ake yin wata barasa mai ƙamshi a tsibiran da ke ƙarƙashin Faransa.

A ganina na Meziko ne ya fi ba mai haɗa turare abin yi, kuma dalilin yana cikin ƙwallonsa. Wannan ƙwallo mai sheƙi, wanda mutanen can ke kira pixtle, yana da ƙamshin almon (wani ƙwallon itace da ake ci kamar gyaɗa) mai ɗaci, kuma a jihar Wahaka ta Meziko ana gasa shi a niƙa tare da masara da koko da wani fure a yi abin shan da ake kira tejate. Ana kuma tatsar mai daga cikinsa domin gyaran gashi. Sinadarin da ke ba da irin wannan ƙamshi shi ne benzaldehayid, wanda masu turare suka daɗe da saninsa, kuma ɗan kaɗan ake sakawa, domin da ya yi yawa sai ya danne kome ya koma warin magani.

Laushin tsokar kuwa ana neman sa ne a wajen sinadaran da ake kira lakton, masu ƙamshin madara da nunannen ɗan itace. Ɗaya daga cikinsu ne Jacques Guerlain, mai haɗa turare ɗan Faransa, ya yi amfani da shi a turaren Mitsouko a 1919, ya nuna cewa ƙamshin ɗan itace na iya zama da nauyi da kamala idan aka ɗora shi a kan ƙamshin itace da gansakuka. Ana ƙara banila domin zaƙi, da ɗan kayan yaji domin ɗumi. Akwai kuma dabarar da ta bunƙasa tun daga shekarun 1970, inda ake kifa gilashi a kan fure ko ɗan itace, a kama iskar da ke fita daga jikinsa, a tantance sinadaranta a ɗakin gwaji. Wannan tana ba da jerin sinadaran, amma gwargwadon kowanne a kwalba hancin mai haɗawa ne yake yanke shi.

Inda nake da ƙorafi shi ne, tun da yawancin masu saye a wajen nahiyar Amurka ba su taɓa sansana mamey ba, babu mai tuhumar kamfani idan ya cika kwalba da zaƙi ya laƙa mata sunan. Ma'aunin da nake bi mai sauƙi ne: in shafa a fata, in jira ƙamshin farko ya lafa, sannan in duba ko ɗacin almon ɗin nan yana nan a ƙarƙashin maiƙon. Idan babu shi, da wuya hanci ya bambanta turaren da sauran masu ƙamshin mangwaro ko afirikot.